Sawun Inna a Bakin Zaure

Watan jiya jikana ya kai ni asibiti wurin lokotoron ƙafa a Damagaram, don dunduniyata ta fara yi mini gardama. Wani saurayi mai farar riga ya ajiye akwati cike da abu mai laushi kamar soso, ya ce in taka. Na taka, sawuna ya fito sak, har da karkataccen ɗan yatsana. Ya shiga yi mini bayani a hankali, yadda ake yi wa tsofaffi, wai da wannan sawun za a yanka mini shimfiɗar cikin takalmi daidai ƙafata ni kaɗai, wai sabuwar dabara ce. Na bar shi ya gama, don yaron yana da ladabi. Amma ni tun ina 'yar shekara bakwai na ga an yi wannan aiki a Gure da yumɓu, kuma wanda ya yi shi ko ƙofar lakwal, makarantar boko, bai taɓa leƙawa ba.

Kakana ne, mahaifin babana. Baduku ne, a zauren gidanmu yake aiki, zamanin da mota sai a yi wata ba a ji kukanta ba. Zauren kullum warin kirgi da bagaruwa yake yi, har rigunanmu sun ɗauka. Tsohon ba ya yawan duban fuskar mutane, ƙafa yake duba. In ya fito da safe ya kalli rairayin ƙofar gida, sai ya gaya maka wa ya wuce, wa ya ɗauko kayan da suka fi ƙarfinsa, wace ce ke da ciki tana ɓoyewa. Ni matarsa yake ce mini, irin wasan kaka da jika, yana cewa ƙafata ta agwagwa ce, ba zai ɓata fatarsa a kanta ba.

Mutum ɗaya ce a gidan bai taɓa auna ƙafarta ba, ita ce Inna, mahaifiyata. Ka san kunyar surukai ta wancan lokaci. Ba ta kiran sunansa, ba ta zama inda yake, shi ma in zai ambace ta sai ya ce 'yar mutanen Bune, don can ne garinsu. In za ta ratsa zaure sai ta tuɓe takalma tun daga nesa, ta riƙe su a hannu, ta wuce kai a sunkuye, sai ta yi nisa ta mayar. Shekara tara suna gida ɗaya, magana ba ta taɓa haɗa su ba.

Bayan ta yaye ƙanena ƙafarta ta hagu ta lalace. Da asuba in ta sauke ta ƙasa sai ta runtse ido, ta ce kamar ta taka ƙaya. Kakata ta gasa mata da ruwan zafi, ta shafa man shanu da kanwa, ba abin da ya sake. Zuwa rijiya da dawowa sai ta zauna sau biyu a hanya. A gaban zaure kaɗai take miƙewa ta yi tafiyar mai lafiya, don kada surukinta ya gani. Ga gwanin ƙafa na garin nan duka zaune taku goma daga ɗakinta, mutane na zuwa wurinsa daga Kelle da Gidigir, ita kuma ta gwammace ta cije.

Da rani ya tsaya, wani mai tallar dabino ya kawo saƙo cewa mahaifiyar Inna tana kwance a Bune, jiki ya yi nauyi, tana kiranta. Tafiyar kwana biyu ce cikin tudun rairayi. Babana ya tafi kudu da kanwa, ya kora jakinmu, dabbobin unguwa ma duk sun bi ayarin. Akwai matan da za su tashi bayan kwana uku, a ƙasa. Na ga Inna zaune bayan rumbu tana matsa dunduniyarta tana kuka ba sauti. Ta san ko tabkin farko ba za ta kai ba.

Ashe kakana ya riga ya ga ciwon a sawunta. Washegari ya sauka kwarin goriba da kansa ya ɗebo yumɓu, ya kwaɓa, ya ce daɓen bakin zaure ya farfashe zai gyara. Ya shafe wurin lumui, daga bango zuwa bango, bai bar wajen ratsewa ba. Inna ta fito da tulu za ta rijiya, ta tuɓe takalma, ta yi turus. Kakata ta ce mata daga ciki, “Wuce mana, ruwa muke jira.” Ta taka ta wuce, kunya kamar ta nutse.

Na ce wa tsohon an ɓata masa aiki. Ya sa tafin hannu ya shafe sawun, ya ce, “Wannan na mai tulu wofi ne. Ƙafa ba ta faɗin gaskiya sai da kaya a ka.” Da ta dawo da tulu cike ta sake takawa, ya jira ta shige, ya kife ƙwarya a kan sawun hagu, ya ce duk wanda ya taɓa zai gamu da shi.

Da yumɓun ya sha iska ya buɗe ya durƙusa. Ya nuna mini da bakin basilla: a sawun dama akwai wurin da tsakiyar tafin ƙafa bai taɓa ƙasa ba, a na hagu kuwa duk ya kwanta, dunduniyar ta nutse ta gefen ciki. Ya yanka fatar akuya mai laushi falle uku bisa wannan sawun. Tsakaninsu ya cusa gashin raƙumi da ya daka har ya dunƙule, ya yi tudu inda ƙafar ta faɗa, ya rarake ɗan gurbi daidai inda ƙayar take sukarta, ya ɗinke, ya kafa shi cikin sabon takalmi faɗe. Kakata ce ta kai mata, ta ce wai wata ce ta sa aka yi ba ta zo karɓa ba. Inna ta san ƙarya ce, ta karɓa da hannu biyu.

Ranar ta je rijiya da shi. Tsohon ya bi sawunta a rairayi har bakin kasuwa, ya dawo yana tsaki, ya ce tudun ya yi yawa, tana jinginewa waje. Aka karɓo, ya farke, ya rage, ya sake ɗinkewa. Sau biyu ana haka. Da asubar tafiya ta goya ƙanena ta bi matan, ni aka bar ni gida.

Kwana goma sha biyu kakana bai yi aikin kirki ba. Duk wanda ya fito ta hanyar Bune sai ya tare shi da tambaya. Na ce, “Kai da ka ce aikinka ba ya kunyata ka?” Ya ce in tashi in ba shi wuri.

Inna ta dawo da la'asar, ta rame, idonta ya faɗa, amma a miƙe take tafe. Ta tarar da mahaifiyarta da rai, sun yi kwana huɗu tare, a kan cinyarta ta cika. Da ta iso kusa da zaure ta sunkuya za ta tuɓe takalma yadda ta saba. Kakana bai ɗaga kai daga fatar da ke hannunsa ba, ya ce, “Allah ya jiƙanta. Na hagun nan kuma ba na cirewa ba ne.”

Maganarsa ta farko ke nan gare ta. Inna ta tsaya a sunkuye, ga umarnin suruki, ga girmansa. Can sai ta cire na dama ta riƙe a hannu, ta bar na hagu, ta wuce. Haka ta riƙa ratsa zauren nan da takalmi ɗaya har ya bar duniya, kuma duk shekara kakata na kawo mata sabo wanda wai wata ba ta zo karɓa ba.

Yanzu matar jikana tana zama kusa da surukinta ta gaya masa inda ke mata ciwo, ya sa ta a mota ya kai ta. Ba na jin haushi, hakan ya fi sauƙi, kuma da haka ake a lokacinmu da Inna ba ta yi wata shida tana cije baki ba. Sai dai in ana zancen gwanaye ina ɗaga kai in faɗi nawa. Ni jikar mutumin nan ce da ya kai surukarsa wurin uwarta, bai taɓa ƙafarta ba, bai kalli idonta ba.