Fentin da Firmin Ya Kankare

Shekara talatin da ɗaya Firmin Bastide ya yi yana lanƙwasa ƙarfe a maƙerar Daubrac, a wani lungu na gabashin Paris. Daubrac ke zana fitilu da kujeru a takarda, Firmin ke mai da zanen abin da hannu zai taɓa. Ya shiga yana ɗan shekara sha shida, ya fito kunne ɗaya ya mutu saboda ƙarar guduma. Ƙa'idar gidan sananniya ce: kaya ba ya fita da ko ƙwarzane ɗaya a jiki, sunan maƙeri kuma ba ya hawa kan komai.

Da maigidan ya rasu aka rufe maƙera, Firmin ya koma gida da wata fitila mai hannu uku da suka ƙera su biyu don gwaji, ba a taɓa yi mata ta biyu ba. Shekara ashirin tana kusurwar falo, matarsa Léonie na rataya mata tsumma.

Can sai duniya ta waiwayi Daubrac. Wata Madam Thévenin ta fara haɗa babban littafi: kowace fitila da hotonta, da shekararta, da wanda ya ƙera ta in an san shi. Dillalan tsofaffin kaya sun riga sun yanke hukunci, abin da ya shiga littafin shi ne na gaske, saura jabu. Ta aiko cewa za ta zo ranar Alhamis. Firmin bai taɓa roƙon kowa komai ba, amma layin nan guda, sunansa a ƙarƙashin hoto, ya hana shi sukuni.

Ya dubi fitilar, kunya ta kama shi. Baƙin fentin ya koɗe, ya tsattsage. Ya ɗauko sanfefa.

"Kai tsoho, amarya za ka kai ɗaki?" in ji Léonie. "Bar ta yadda take mana."

"Ke da kika mai da ita igiyar shanya? Baƙuwa ta ga wannan ƙazanta, ai sai maigida ya taso daga kabari."

"Ya taso ɗin, ya dawo maka da kunnenka."

Kwana uku ya yi a kanta. Ya kankare ta tas, ya shafa sabon fenti sau huɗu, har mutum na ganin fuskarsa a jikinta.

Madam Thévenin ta zo da farar safar hannu. Tun daga ƙofa ta ja hanci, ta ji warin sabon fenti.

"Baba, wa ya taɓa ta?"

"Ni, da hannuna. Yadda muke yi."

"Fentin asalin fa?"

"Yana kwandon shara, inda ya dace da shi."

Ta zauna a hankali. Ta ce tsohon fentin nan shi ne shaida, shi ake gwadawa a san shekarun abu. Kasuwa cike take da jabu, kuma duk haka suke sheƙi.

"'Yata, hannun da ya shafa na farkon shi ya shafa wannan."

"Na yarda, Baba, wallahi na yarda. Amma masu saye ba su san hannunka ba."

Ta sha rabin shayin da aka kawo mata ta tafi.

Bayan shekara biyu littafin ya fito, shafi ɗari huɗu, nauyi kamar dutsen niƙa. Firmin ya je kantin littattafai ya roƙa a buɗe masa. Kowace fitila ya san inda ta ba shi wuya, tasa dai babu. Can wajen ƙarshe ga hoton maƙera: Daubrac a gaba da sigari a baki, bayansa wani ya sunkuya kan inji. An rubuta, "Daubrac da wani ma'aikaci."

Firmin ya gane kansa, ya ɗora yatsa a kan ƙeyar mutumin.

"Baba, a hankali da takardar," in ji mai kanti. "Na masu tara kayan tarihi ne, ba a taɓawa."

Firmin ya janye hannunsa ya sa a aljihu.