Ragon Malam Nagoda

Malam Nagoda ne shugaban 'yar majami'armu a Tudun Wada, zamanin da jirgin ƙasa ya fara shigowa Zariya. Ran Lahadi yana wa'azi, sauran ranaku yana koya mana boko a zaurensa. Ba mu da yawa, har Turawan Mishan suka ce za su rufe makarantar.

Maƙwabtanmu Musulmi sun ƙi turo 'ya'yansu. Baba Kailani mahauci ya taɓa ce masa, "Malam, karatun da ba sauka ba walima, shi ma karatu ne?"

Malam ya riƙe maganar. Da ƙanwata Rakiya ta gama littafin farko, sai ya ja ragonsa ɗaya tilo ya kai wa Baba Kailani.

"Walimar sauka za mu yi. Kai za ka yanka, Baba, don kowa ya ci."

"Lallai ka iya tarko," in ji Baba, yana wasa wuƙa yana dariya.

Unguwa ta taru, Rakiya ta yi karatu ba gargada. Washegari Baba Kailani ya kawo jikokinsa makaranta da kansa, maƙwabta suka biyo sahu. A makarantar nan Malam ya yi furfura.