Malama Pyo Geum-rye, Muryar da Ba a Rubuta Sunanta Ba

Da hantsin ranar Talata, 14 ga watan Nuwamba, ina ɗakin haɗa hoto, Yaya Eun-ok ta kira ni ta ce mahaifiyarta ta cika. Malama Pyo Geum-rye ta rasu a wani asibiti a birnin Incheon bayan gajeruwar jinya, tana da shekara tamanin da biyu. Wanda ya ba mu ke ya karɓi abarsa, ba mu da ta cewa. Kabejin da kika barbaɗa wa gishiri domin haɗa kimchi, abincin ajiyarmu na hunturu, yana cikin baho, maƙwabta ne suka ƙarasa miki aikin. Malama, kin tafi a makon da na fi bukatarki, kuma ba zan ɓoye miki ba, tun daga ranar hankalina bai kwanta ba.

Yaran yanzu ba su san ki ba, iyayensu ma muryarki kawai suka sani. A zamaninku ana ɗaukar fim ba sauti, daga baya a shigar da ku ɗaki ku yi magana a madadin 'yan wasa. Fuska ta wata, murya taki. Su aka riƙa zana hotonsu a ƙofar silima, ke kuwa ko a jerin sunayen ƙarshen fim ba a saka ki. Ban taɓa jin kin yi ƙorafi ba, sai dai ki ce a ƙalla kina iya sayen kifi a kasuwa ba wanda ya bi ki.

Ni darakta ce, amma a wurinki na koyi kallon fim. Kowace Alhamis muna haɗuwa a kallon safe, lokacin da silima ba kowa sai tsofaffi. Da an kashe fitila sai ki rufe ido. Da farko na zaci barci kike yi, ashe saurare kike. In mun fito, a shagon taliya kike yanke hukunci, kuma ba kya tausaya wa kowa. Fim ɗin 'yan daba da aka sake yi bana, kika ce sun sayo sababbin motoci sun bar tsohuwar ƙarya a wurinta. Ɗan ƙaramin fim ɗin nan na matan da ke nutso a teku kuwa, wanda 'yan jarida suka yi banza da shi, sai da kika ja ni muka koma, don kin ce kina jin numfashinsu. Ra'ayinki bai taɓa sauyawa ba: wanda ya kwaikwayi tsohon fim, shinkafar jiya ya ɗumama, wanda ya koma ga littafin da aka ciro fim ɗin, shi ne ya ɗora tukunya.

Ba zan manta shekarar da fim ɗina na farko ya faɗi ba. Kunya ta hana ni fita. Kika kwaso matan cocinku suka cika layi biyu na kujeru. Rabinsu barci suka yi, na gan su da idona, amma da suka fito kowacce ta riƙe hannuna ta ce na yi ƙoƙari, domin kin riga kin gargaɗe su.

Fim ɗin da kowa ya san muryarki da shi shi ne Matar Mai Gishiri. A ƙarshensa mijin da ya gudu ya bar ta shekaru ya sauko daga jirgin ruwa, ta juyo ta ce, "Ka dawo? Shigo, shinkafa ba ta huce ba." Har gobe iyayenmu mata suna faɗin wannan magana suna share hawaye. Ke kika gaya mini ba ta cikin littafin da aka ciro fim ɗin, ba ta cikin rubutun labari. A littafi matar ta dube shi ne kawai, ta koma filin gishirinta. Amma ranar ɗauka ana tsananin sanyi, 'yar wasan ta zaci an gama, ta juyo tana yi wa darakta mitar ƙafafunta sun daskare. Zaren fim yana da tsada, ba wanda zai sake ɗauka. Aka nuna miki baki yana motsi aka ce ki cike shi, kika cike. Kin ce mini kin yafe wa mutumin da bai cancanta ba, saboda kawai ƙafar wata ta yi sanyi, kuma mata da yawa sun zauna da irinsa suna ganin haka mace ta gari take yi. Abin ya daɗe yana damunki.

Da kamfani ya ba ni aikin sake yin wannan fim, littafin na koma. A fim ɗina matar ba ta cewa komai a ƙarshe. Watan jiya na nuna miki, kuma wannan karon idonki a buɗe yake. Da aka kunna fitila kika ce, "'Yar nan, shirun ya yi tsawo, amma bar shi. Ni ma da an bar ni, shi zan yi." Na shaida miki Shugaba Tak, mai kamfanin, ya dage sai an mayar da maganar shinkafa, wai ita mutane za su zo ji, kuma ya sa zama ranar Litinin ɗin nan mai zuwa. Kika ce za ki raka ni, ki ga ko zai iya musa wa tsohuwar da maganar ta fito daga bakinta.

Yanzu Litinin tana matsowa, ni kaɗai zan shiga. Shugaba Tak ya zo zauren makoki, furen ta'aziyyarsa ya fi na kowa girma a baranda. Ya yi gaisuwa gaban hotonki yadda ya kamata, sannan ya zauna kusa da ni a wurin cin abinci. Miya ko hucewa ba ta yi ba ya ce, "Darakta Yeom, kin ga yanzu magana ta ƙare. Za mu ɗauko muryarta ta asali mu saka, mu rubuta sunanta da manyan baƙaƙe. Wa zai hana a karrama mamaciya?" Ya girme ni, makaranta ɗaya muka yi, shi ya ba ni aikin. Na sunkuyar da kai na zuba masa abin sha da hannu biyu. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma bakina ya mutu, kuma na san shiruna a kunnensa amincewa ne.

Wannan duk da sauƙi. Bayan mutane sun ragu, Yaya Eun-ok ta zo ta zauna, idanunta sun kumbura. Ta ji abin da ya ce. Ta kama hannuna ta ce, "Da-hye, ki yarda mana. Tun ina yarinya nake cewa muryar uwata ce, ana yi mini dariya. Sau ɗaya dai in zauna a silima in ji ta, in ga sunanta." Malama, ita ta yi jinyarki, ita ta sauya miki kaya, ita za ta riƙa shirya miki teburin abinci kowace shekara ranar tunawa da ke. Ni wace ce da zan hana ta? Na ce mata zan yi tunani.

Na yi tunanin. Ina tsoron in na ƙi, a karɓe fim ɗin a ba wani ya haɗa, a saka maganar duk da haka, in tashi ba fim ba aiki. Ina tsoron Yaya Eun-ok ta daina ɗaukar wayata. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne kaina, domin na san yadda wuyana yake saurin lanƙwasa a gaban manya. Shi ya sa nake rubuta wannan a inda kowa zai karanta, don kada in sami hanyar janyewa ranar Litinin.

Yaya Eun-ok, abin da na kasa faɗa miki a gaban hoton mahaifiyarki ke nan: ba zan mayar da maganar ba. Sunanta zai fito a farkon fim, shi kaɗai a kan allo, wannan na ɗaukar miki alkawari muddin fim ɗin yana hannuna. Amma ba zan sa ta sake yafe wa mutumin nan ba alhali ba ta da bakin da za ta hana. In kin yi fushi da ni, kina da gaskiya, zan jira ki.

Allah ya jiƙanki, Malama Pyo, ya yi miki rahama, ya yafe miki kurakuranki, ya ba ki hutawa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Yaya Eun-ok da 'ya'yanta, da matan cocinku, da sauran abokan aikinki da suka rage. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi. Ni kuma ya ba ni ƙarfin ɗaga kai in buɗe baki ranar Litinin.

Yeom Da-hye