Sandar Tsintsiya Mai 'Yan Kunne

Gingimari dai tun ranar haihuwa ya fara ba mutane wahala. A dangi ana cewa da aka ɗora shi kan sikelin asibiti, sikelin tari ya yi ya nemi hutu. Yana ɗan makaranta, in ƙofa ta maƙale shi ake kira, daga baya a nemo kafinta ya mayar da ƙofar. Sunan babbar motar kuwa kakarsa ce ta laƙaba masa, wai in ya shigo lungu sai kowa ya manne da bango.

Da ya girma sai ya kama sana'ar da har yau Kaka ba ta gane kanta ba, wato ɗaga ƙarfe. Wata ƙungiya ta ɗauke shi, ana kai shi gasa gari-gari, yana dawowa da lambobi a wuya.

"Wai kai maigida," in ji Kaka, don haka take tsokanar jikan nata, "in ka ɗaga ƙarfen, ina kake kai shi?"

"Ba ko'ina, Kaka. Ajiyewa nake yi."

"A inda ka ɗauka?"

"A nan dai."

"Kuma a tafa maka? Ai ɗan dako ya fi ka dabara. Shi ko ba komai yana kai kaya wani wuri."

Abin da ya kayar da Gingimari ba ƙarfe ba ne. Guntun sabulu ne a banɗaki, wanda ko ɓera ba zai kula shi ba. Ya taka, ya yi sama, ya sauko kan kafaɗar dama. Maƙwabta sun rantse sun ɗauka bene ne ya rufta. Aka yi masa aiki a kafaɗa, likita ya ce ko bokiti kada ya ɗaga. Shekara ta zagayo har ta wuce yana kan doguwar kujerar falo, rimot a hagu, cokali a dama. Ƙwanji ya tattara kayansa ya yi ƙaura daga dantse zuwa ciki. Rigar gasa da take kuka a kafaɗa, yanzu a cibiya take kukan. Kaka ta dube shi sama da ƙasa ta ce gingimari kam ta tafi, baro aka bar musu. Sunan Baro ya bi unguwa kafin la'asar.

Ranar da likita ya sallame shi, ɗakin atisaye ya nufa kai tsaye. Ya shafa alli a tafin hannu, ya ɗaure bel a ramin ƙarshe da kyar, ya jera faifan ƙarfe a sanda kamar yadda ya saba. Ya sunkuya, ya yi nishin da ya girgiza taga. Ƙarfe ko gezau, kamar an dasa shi a siminti.

Koci, wani gajeren dattijo da ba ya ɗaga murya, ya je lungu ya zare sandar doguwar tsintsiya ya miƙa masa.

"Shara zan yi, Koci?"

"Ɗagawa za ka yi. Da wannan za ka fara, kuma ba za ka ƙara komai ba sai na ce. Kafin gasa mai zuwa za a gwada kowa. In ka ɗaga abin da ake bukata, gurbinka na nan. In ka kasa, akwai masu jiransa, kuma sun fi ka ƙuruciya."

Gingimari ya dubi sandar kamar an miƙa masa tsinken sakace. Shi ba wata sana'ar ya iya ba. In gurbin nan ya tafi, sai dai ya koma kujerar falo ya ƙarasa zama baro.

Gida ya kai sandar, ya cusa ta cikin wando da riga don kada a gani, yana tafe ƙafa a miƙe kamar mai gyambo. Ya kulle ɗaki, ya tsuguna, ya miƙe, ya ɗaga ta sama. Bai yi nisa ba cinyoyinsa suka fara rawa. Sai ya ji dariya ta taga.

"Lale da jarumi! Yau kuma da tsintsiya ake kokawa? Wa ke kan gaba?"

"Kaka don Allah ki rufa min asiri."

"Buɗe ƙofa tukuna. Ni ma likitan gwiwa ya ce in riƙa zama ina tashi. Mu ga wanda zai riga wani faɗuwa."

Haka aka kafa ƙungiyar mutum biyu a falo. Kaka na tashi daga kujera tana zama, shi yana tsugunawa da sanda. Ita ke ƙirga, sai dai ƙirgarta ba ta da amana. In ta kai tsakiya sai ta tuna labarin wata maƙwabciya, ta manta inda take, a koma farko. Washegari in zai sauka daga bene da baya-baya yake saukowa, yana riƙe da bango yana kiran sunayen dangi.

Haƙuri ne ba shi da shi. Wata rana da ya ga kamar Kaka na gyangyaɗi, ya lallaɓa kicin ya rungumi tukunyar gas zai kai ta sama. Sai jin sandar ya yi a gadon baya.

"Kocin ya ce ka ƙara?"

"Ai gwadawa kawai nake..."

"Sabulu ma gwada ka ya yi. Ajiye!"

Daga sanda Koci ya ba shi sandar ƙarfe tsura, babu komai a jikinta. Daga nan ya saƙala mata 'yan faifai ƙanana kamar murfin kofi. Da Kaka ta ga hoton a waya sai ta ce, "A'a, an yi wa tsintsiya 'yan kunne!" Kullum ya dawo sai ta tambaya ko an sauya 'yan kunnen. Ana kuwa sauyawa. Koci ya ce jikin da ya taɓa sanin ƙarfe ba ya mantawa, barci kawai yake yi, kuma gaskiyarsa. Ƙwanji ya fara dawowa gida kaɗan-kaɗan kamar mai jin kunyar yaji. Bel ya matsa rami, ya sake matsawa. Rigar gasa ta koma kuka a inda ta saba.

Abu ɗaya ne bai dawo ba, kuma bai faɗa wa kowa ba. In ƙarfe mai nauyi ya zo ƙirji, lokacin tura shi sama ya yi, sai ya tuna ƙarar da kafaɗar nan ta yi a banɗaki. Kafaɗa ta warke, zuciya ce ba ta yarda da ita ba.

Ranar gwaji Kaka ta ce ko a kan baro ne sai an kai ta. Ta zauna a gaba, tana dogare da sandar tsintsiyar. Gingimari ya hau dandamali, ya kai ƙarfe ƙirji lafiya lau, ya tsaya, ya sake shi ya faɗi. Ya sake gwadawa, haka dai. Saura dama ɗaya. Ɗaki ya yi tsit, samarin da ke jiran gurbinsa suna kallon ƙasa don kada a ga farin cikinsu. Ya shafa alli.

Sai muryar Kaka ta tsaga ɗakin.

"Kai Baro! Me kake tsoro? Tsintsiyarmu ce fa, 'yan kunnen biki kawai ta sa!"

Dariya ta ɓarke, har alƙalin gwaji ya rufe baki da hannu. Gingimari ma ya tuntsire, kafaɗun da ya ɗaure tamau suka saki. Ya kama sanda yadda yake kama ta falo, ya kai ƙirji, kafin tsoro ya gama sa takalmi ƙarfe na sama. Ya tsaya cak, faifai na lilo, har aka ba shi alama ya saki. Ƙasa ta amsa.

Koci ya ɗan murmusa, abin da aka ce rabon da a gani tun yana da gashi. "Gurbinka ne. Jibi da safe, kada ka makara."

Kaka ta taso tana ɗingishi, ta leƙa ƙarfen, ta leƙa shi.

"To madalla. Amma ka ga, nan ma a inda ka ɗauka ka ajiye."

Sunkuyawa ya yi ya sure ta, ita da sandar da jakarta, ya ɗora a kafaɗar dama, ya yi waje. Ya wuce mai gadi, ya wuce masu shaguna, mutane na mannewa da bango suna tafi. Ita kuwa tana ta dukansa da jaka tana dariya har da hawaye.

"Ina za ka kai ni, ja'iri?"

"Gida, ranki ya daɗe. Yau dai sai na kai kaya wani wuri."

"Ni ce kayan? Sauke ni, Gingimari, kafin in ce a kawo sabulu!"