Akwatin Takardun Kawu

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya yi shekara ashirin da huɗu yana masinja a ƙaramar hukumarmu. A lokacin ko kwalbati za a gina sai an sa hannu a babban birni, shi ne kuma mai kai takardun.

Fayil ɗin da ya fi ba shi wuya shi ne na gadar rafin bayan asibiti. Da damina ruwa kan raba unguwarmu da asibitin, mai naƙuda ma sai an zaga da ita ta titin kasuwa. Sau uku ma'aikatar da ke birni tana ɓatar da fayil ɗin. Tun daga na farko Kawu ya ɗauki darasi: kowace takarda aka ba shi, sai ya cire kwafi ya jefa cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado.

Matarsa kan ce, "Malam, tarkacen nan naka ɓeraye kawai yake tara min. Wata rana zan hura wuta da shi."

Shi kuma ya ce, "Ki hura mana. Takardar gwamnati ce, hayaƙi za ki sha, ba za ta dafa miki komai ba."

Da aka dawo wa ƙananan hukumomi da iko da kuɗin irin waɗannan ayyuka, shugaban hukumar ya ce a gina gadar kafin ruwa ya sauka. Injiniya ya girgiza kai. Zane da awon ƙasa duk sun ɓata a birni, sake su wata huɗu ne, damina kuwa saura wata uku.

Kawu yana bakin ƙofar ofishin, ya ce, "Ranka ya daɗe, in awon ne, yana gidana."

Aka yi dariya. Ya je ya ɗauro akwatin a bayan kekensa. Injiniya ya buɗe zanen, ɓera ya ɗan ci gefe ɗaya, amma lambobin duk suna nan.

Ya ce, "Baba, wa ya sa ka ajiye wannan?"

"Waɗanda suka ɓatar da shi."

An gama gadar kwana shida kafin ruwan farko. Ina bayansa ranar da ya taka ta. Ya haye, ya dawo, ya sake hayewa, matarsa tana ce masa ya isa haka.

Akwatin yana ɗakina yanzu. Ya ce ni kaɗai ce a gidan ba na zubar da takarda.