Mai Wanke Ganye

Ranar babu iskar da za ta motsa ko ganye ɗaya. Hadari ya haɗu tun safe ya ƙi zubowa, hayaƙin jiya na kamfanin narka ƙarfe bai gama tashi daga kan rufin unguwa ba. A wannan rana ce masu duba daga hukumar muhalli za su zo, saboda ƙarar da matan unguwa suka kai.

Baba Mai Fulawa shi ke kula da shuke-shuken kamfanin. Shekara goma sha tara yana wannan aiki, bai taɓa makara ba. Mutum ne mai hannu. Ko sandar tsintsiya ya kafa a ƙasa, in ji masu gadi, sai ta yi toho. Amma a harabar nan komai ya shuka, wata uku ne ya yi baƙi ya ƙanƙance. Shi ya fara sanin abin da bututun hayaƙin kamfanin ke tofarwa, tun kafin likita ya sani, don ganye ba ya ɓoye ciwo.

Manaja ya kira shi ana jibi za a zo. Ya ce za a rage wutar tanderu ranar, na'urar masu duba ba za ta ga komai ba. "Saura kai, Baba. Ina son wurin nan ya yi kore."

Bai ce masa ya yi ƙarya ba. Kore kawai ya ce. Sai Baba ya tuge matattun, ya kawo sababbi daga gidan rainon shuke-shuke, ya binne su da tukwanensu, ya rufe bakin da ƙasa. Itatuwan bakin ƙofa kuwa ya bi su da soso da bokiti, ganye bayan ganye, ciki da baya. Da ya gama ya ja da baya ya duba, har ransa ya yi fari. Wannan farin ran shi ne abin da ya fi damunsa yanzu.

Shugabar masu duban mace ce siririya mai tabarau. Bayan an gama da na'ura, ba ta shiga ofis ba, sai ta nufi itatuwa. Ta zaro farin hankici ta shafa ganye, ta duba. Fes. Ta shafa wani.

"Baba, sannu da aiki. Fulawan nan sun daɗe a nan?"

Manaja na tsaye a bayanta yana duba agogo.

"Sun kwana biyu, ranki ya daɗe," in ji Baba.

Kwana biyun kuwa suka yi, ba ƙari. Ta yi murmushi ta rubuta abin da ta rubuta. Ƙarar mata ta mutu a nan.

Cikin matan da suka kai ƙarar har da matarsa. Wanki take yi wa mutane, a gidansu da ke bayan katangar kamfanin, inda farin zane ba ya bushewa fari. Da yamma ta ga hannunsa ya yi yaushi irin na wanda ya wuni cikin ruwa.

"Kai kuma yaushe ka shiga sana'ata?"

Ya faɗa mata, yana kallon ƙasa. Ta daɗe tana tari kafin ta samu numfashi.

"To madalla, Tsoho. Ka wanke wa itace fuska. Ni wa zai wanke min ƙirji?"

Ba ta sake tayar da maganar ba. Da ta riƙa yi masa gori da ya fi masa sauƙi.

Sau huɗu ana zuwa duba, shekara-shekara, sau huɗu yana wankin ganye. Kullum yana cewa wannan ne na ƙarshe, kullum yana tuna shekarunsa da wanda zai ɗauki tsoho aiki. A shekara ta biyar matarsa ta kasa ɗaga bokiti. Ta daina wanki, ta koma zama a bakin ƙofa da abin shaƙar magani a hannu.

Da za a zo duba na biyar, ya yi komai yadda ya saba, har binne tukwanen. Da mai tabarau ta iso ta gaishe shi, sai ya durƙusa ya kama wata fulawa ya ja. Ta fito da tukunyarta, ƙasa na zuba.

"Ranki ya daɗe, shekaranjiya na sa su. Zo ki ga na gaskiya."

Ya kai ta bayan ɗakin ajiya, wurin wani tsohon itace da bai taɓa wankewa ba. Ta shafa hankici, ya fito kamar an goge gindin tukunya. Ta dube shi ta saman tabarau.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da kika fara tambayata."

Aka dawo ba sanarwa, aka rufe tanderun wata shida, aka ci kamfanin tara, aka tilasta musu sa matatar hayaƙi. Shi kuma aka sallame shi a makon. 'Yan unguwa suna yaba masa, yana amsawa da kai kawai, don shi ya san shekara huɗun nan a ƙirjin wa suka zauna.

Yanzu yana gida, a bayan katangar. Farin kaya na bushewa fari a kan igiya, shi ke wanke su, matarsa na zaune a bakin ƙofa tana nuna masa inda bai fita ba.