Ranar Da Alƙalin Wasa Ya Haɗa Ni Da Allah

Ko da zan manta duk wasannin ƙwallon kwando da na buga, wasanmu da 'yan Kibiya ba zai taɓa fita daga raina ba. Lokacin ina ajin ƙarshe a sakandare a Rano, kuma makarantar da ta ci ita za ta tafi gasa Kano.

Ni ba tsayi, ba hannun jefawa. Abin da na iya kawai faɗuwa. A dokar wasan, in mai tsaro ya riga ya kafe ƙafafunsa, mai ƙwallo ya zo ya banke shi, laifin mai ƙwallo ne. In kuwa mai tsaron ne ya kutso gabansa a makare, shi ne da laifi. To ni ko iskar mutum ce ta taɓa ni sai in zube warwas, in saki ƙara kamar an fasa mini ƙirji. Abokaina har tsokanata suke, wai simintin filin ya fi katifata sanin bayana. A lokacin gwaninta na ɗauki abin, Allah dai ya yafe mana.

Ranar saura 'yan daƙiƙu a tashi, muna gaba da maki ɗaya. Wani dogon yaro cikin 'yan Kibiya, ɗan garin Tarai, ya taho da ƙwallo a guje. Na yi wuf na shiga gabansa, muka yi karo, na baje a ƙasa. Aka hura usur, 'yan makarantarmu suka kaure da ihu.

Alƙalin wasan wani dattijon malamin motsa jiki ne da aka ɗauko daga wata makaranta. Bai nuna kowane ɓangare ba, sai ya tako har inda nake kwance ya sunkuyo.

"Yaro, an tare ni, ban ga ƙafarka ba. Tsakaninka da Allah, ka tsaya kafin ya iso?"

Babu dokar da ta ce alƙali ya tambayi ɗan wasa. Kyaftin ɗinmu sai ƙifta mini ido yake. Na yaudari usur ba adadi, amma ba a taɓa haɗa ni da Allah ba, ga shi ni ɗan malamin allo ne a Madachi.

Na ce, "Malam, ban tsaya ba."

"Madalla. Tashi, Allah ya yi maka albarka."

Aka ba ɗan Tarai jifa biyu, duka ya zura. 'Yan Kibiya suka tafi Kano. Na yi kuka ranar, ba zan ɓoye ba, kuma sai da abokaina suka yi mako guda ba sa amsa sallamata. Amma da babana ya ji, dariya ya yi ta yi, ya ce ashe karatun bai zube ba.

Yanzu ni ke koya wa yara wasan, kuma raina fes duk lokacin da na tuna. Abin da na koya shi ne, idon alƙali ana iya tare shi, amma kai ka san inda ƙafarka ta tsaya.